Katin Nas Ɗin Kansar Huhu: Wace Ce Ita, Kuma Yaushe Ake Kiranta?



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata ma'aikaciyar asibiti da gidajenmu ba su gama sanin darajarta ba. A Ingila, ranar da likita zai gaya wa mutum cewa an gano kansa a huhunsa, yawanci akwai wata nas zaune a gefe tana sauraro. Idan likita ya gama, ita ce ke shiga da iyali wani ƙaramin ɗaki, ta maimaita bayanin a hankali, sannan ta miƙa kati mai ɗauke da sunanta da lambar waya. A kan katin za ku ga haruffa uku, CNS, ma'ana nas da ta ƙware a fanni guda. Abin da muke gani a gidajenmu da yawa shi ne, katin nan yakan shige cikin takardun haya da na wuta, ba a sake waiwayarsa sai daren da numfashi ya sarƙe aka kira motar asibiti. Akwai maza a cikin masu wannan aiki, amma mata sun fi yawa, shi ya sa za mu riƙa cewa "ita".

Ciwon da ake magana a kai

Kansar huhu, wadda wasu ke kira ciwon daji ko sankarar huhu, ita ce kansar da ta fi kashe mutane a duniya. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da ita, kusan miliyan 1.8 kuma suka rasu. A Birtaniya ana gano ta a jikin mutum fiye da 45,000 duk shekara, tana ɗauke kusan 35,000. Kimanin bakwai cikin goma taba ce sila. Sauran kuwa akwai shaƙar hayaƙin tabar wani, da ƙurar asbestos ta tsofaffin gine-gine da masana'antu, da hayaƙin dizal, da iskar radon mai fitowa daga ƙasa. Masana suna kuma zargin hayaƙin itace da aka daɗe ana shaƙa a ɗakin girki mara taga. Iyayenmu mata da suka yi shekaru a gaban murhu a Nima ko Aboabo kafin su zo nan, su riƙe wannan. Macen da ba ta taɓa riƙe sigari ba tana iya kamuwa.

Abin da ya sa take kisa haka, huhu ba ya saurin kuka. Ƙari yana iya girma wata da watanni babu zafi, sai ya yi nisa ake ganewa. Likitoci suna raba ciwon mataki huɗu. Wanda aka gano a mataki na 1, sau da yawa tiyata ake yi a cire, kuma fiye da rabin irinsu suna nan da rai bayan shekara biyar. A mataki na 4, inda ya riga ya yaɗu zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, kusan biyar ne cikin ɗari. Shi ya sa hukumar NHS ke nanatawa: tarin da ya kai mako uku, a je wurin likitan unguwa, wato GP. Wanda ya kai shekara 40 ya ga jini a majinarsa babu dalili, tura shi ake yi da gaggawa. Ƙa'idar da aka gindaya ita ce cikin kwana 28 a gaya wa mutum ko yana da kansa ko babu, cikin kwana 62 kuma a fara magani. Asibitoci da yawa ba sa cika wannan ƙa'ida, kuma nan ne farkon amfanin nas ɗin, domin ita ce za ta iya bin sawun hoton da ya makale ko ranar da aka manta ba a bayar ba.

A wurinmu, doguwar tari da rama da jini a majina, tarin fuka kowa ke kawowa a ransa. Alamun sun yi kama ƙwarai, kuma a ƙasashen da tarin fuka ya yawaita yakan faru a ɗora mutum kan maganin wata shida alhali kansa ce ke cinsa. Idan kuna da dattijo a gida Gana da ya sha maganin tarin fuka wata biyu bai ji sauƙi ba, ba a kuma taɓa ganin ƙwayar cutar a majinarsa ba, ku matsa a sake dubawa, a yi hoton CT in da hali.

Aikinta

Nas ce mai rajista da ta yi shekaru tana jinyar masu ciwon ƙirji ko kansa, sannan ta ƙaro karatu a kai. Aikinta daban da na nas ɗin ɗakin kwanciya mai raba magani da auna jini. Wasunsu suna da izinin rubuta magani, suna da ranakun da suke duba marasa lafiya su kaɗai, suna iya neman a yi hoto ko gwajin jini. Tsarin ya samo tushe daga ƙungiyar Macmillan, wadda Douglas Macmillan ya kafa a 1911 bayan kansa ta kashe mahaifinsa. A 1975 ƙungiyar ta fara ɗaukar nauyin nas na musamman don masu kansa. Bayan rahoton Calman da Hine na 1995, aka sake fasalin jinyar kansa a Ingila da Wales ta yadda kowane mara lafiya zai kasance a hannun tawagar ƙwararru, da irin wannan nas a cikinta. Yau hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta tanadi cewa mai kansar huhu da iyalinsa su samu ƙwararriyar nas a kowane mataki na ciwon.

Mai wannan ciwo yana ratsa hannaye da yawa: likitan ƙirji, masu ɗaukar hoto, mai ɗebo 'yar tsoka don gwaji, likitan tiyata, likitan kemo, masu gashi da haske. Wani lokaci ma asibitocin daban-daban ne, domin tiyatar huhu a manyan cibiyoyi kaɗai ake yi. Kowannensu zai gan shi na 'yan mintoci, gobe kuma wani ne daban. Fuskar da ba ta canzawa ita ce ta nas ɗin nan. Binciken ƙasa da ake yi duk shekara kan jinyar kansar huhu ya sa ma'auni cewa aƙalla tara cikin goma na marasa lafiya su gana da ita, kuma ya sha nuna cewa waɗanda suka gana da ita sun fi samun magani na yaƙi da ciwon. Gaskiya ne wani ɓangare na wannan bambanci ya zo ne daga waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu suka rasu kafin su kai gare ta. Duk da haka, wanda ya ga yadda ake yanke shawarar magani zai gane dalilin da ya sa kasancewarta ke da tasiri.

Ga yadda ake yi. Duk mako tawagar tana zama, a haska hotunan mara lafiya a bango, a karanta sakamakon gwaji, a yanke abin da za a ba shi. Shi mara lafiyar ba ya wurin. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ake dubawa shi ne ƙarfin jikinsa, da ake auna shi daga 0 zuwa 4: mai 0 yana harkokinsa kamar kowa, mai 4 ba ya tashi daga gado. Wanda aka rubuta masa 3 da wuya a ba shi kemo mai ƙarfi ko a yi masa tiyata, domin maganin na iya kashe shi kafin ciwon. To a nan tarbiyyarmu takan yi mana illa ta hanya biyu. Dattijo ya kwana bai runtsa ba saboda ciwon ƙirji, likita ya tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Likita ya rubuta cewa babu damuwa. Ko kuma akasin haka: 'ya'ya saboda ladabi sun ɗora Baba a keken marasa lafiya, sun riƙe masa jaka, suna amsa kowace tambaya a madadinsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Likita ya ga tsoho da ba ya iya komai, ya rubuta 3, alhali mutumin nan da ƙafarsa yake zuwa masallaci da asuba, yana hawa bene hawa biyu. A zaman tawagar, wadda za ta ce ta san shi, ƙarfinsa ya fi abin da aka rubuta, ita ce nas ɗin. Amma sai in an ba ta labarin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Maganar taba ita ce ta farko. Mun san dattijon zango mai rawani da jikoki ba zai so ya ce a gaban 'yarsa ya yi shekara talatin yana shan sigari a ɓoye ba, kuma matasanmu ba sa lissafa shisha a cikin taba. Nas ɗin ba alƙali ba ce, ta ji irin wannan sau dubu. Wanda ke jin nauyi ya nemi ganinta shi kaɗai, haƙƙinsa ne. Barin taba ko bayan an gano ciwon yana da amfani, yana rage matsala bayan tiyata, yana taimaka wa numfashi, kuma za ta haɗa mutum da masu taimakon barin taba kyauta. Akwai wata asara kuma da ɓoyon ke jawowa tun kafin ciwo. A Ingila ana gayyatar masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan taba don a duba huhunsu, wanda haɗarinsa ya yi yawa a yi masa hoton CT, kuma a 2023 gwamnati ta sanar da faɗaɗa shirin zuwa ƙasa baki ɗaya. Daga rajistar GP ake zaƙulo sunayen. Wanda ya ce wa GP bai taɓa sha ba, wasiƙar ba za ta zo masa ba.

Na biyu, magungunan gida. Da zarar labari ya isa Kumasi ko Tamale, sai ƙulli-ƙulli su fara zuwa a jakar matafiya: saiwa, sassaƙe, garin magani, kwalabe marasa suna. Masu aikowa ƙauna ce ta sa su, ba mu ce a wulaƙanta su ba. Amma magungunan kansa na zamani, musamman ƙwayoyin da ake sha kullum irin su osimertinib da alectinib, hanta ce ke sarrafa su, kuma wasu ganyaye da magunguna suna sa hanta ta zubar da su da wuri ko ta riƙe su har su zama guba. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin yana rage ƙarfin osimertinib, haka ma wani ganyen Turawa da ake sayarwa a kantin magani don damuwa. Idan gwajin hanta ya lalace ba a san dalili ba, likita zai iya dakatar da maganin da ke aiki. Ku kwashi duk abin da ake sha, har zuma da habbatus sauda da abin da malam ya bayar, ku kai mata ta gani. Da yawa za ta ce babu laifi. Wanda take shakka za ta tambayi mai haɗa magunguna na asibiti.

Na uku, aikin da mutum ya taɓa yi. Wanda ya yi aikin gini, ko rushe tsofaffin gidaje, ko gyaran bututun ruwa da tukunyar ɗumama gida, ko aikin jirgin ruwa, ya faɗa. Ciwon da asbestos ya haddasa yana iya ba mutum haƙƙin diyya, kuma kamar yadda za mu gani a ƙasa, yana shafar yadda za a yi da gawa.

"Kada a gaya wa Baba"

Wannan ita ce roƙon da nas ɗin ta fi ji daga gidaje irin namu, kuma mun fahimci inda ta fito. Muna tsoron kada labarin ya karya masa zuciya. Sai dai a dokar ƙasar nan, babban mutum mai hankalinsa shi ke da labarin jikinsa, kuma ba za a ɗora shi kan kemo ba sai ya san abin da ake yi wa magani ya kuma amince. Babban ɗa, ko da shi aka rubuta a matsayin makusanci, ba shi da ikon yanke shawara a madadin mahaifinsa, sai in mahaifin ya ba shi wakilci a rubuce bisa doka kuma ya kai halin da ba ya iya yanke wa kansa. Ma'aikatan ba za su yi masa ƙarya ba idan ya tambaya.

Amma akwai faɗi a cikin lamarin fiye da yadda muke zato. Ba dole ne a zuba wa mutum komai a rana ɗaya ba. Ƙwararriyar nas takan fara da tambayarsa me ya fahimta, me yake so ya sani, wa yake so a yi magana da shi. Yana da ikon cewa a yi bayani da ɗansa wane, shi ba ya son jin lissafin watanni, kuma za a mutunta hakan a rubuta. Bambancin shi ne daga bakinsa ya fito. Mu kuma a namu ganin, dattawan nan sun fi mu sanin jikinsu. Mutumin da ya rame, ake kai shi sashen da kowa gashinsa ya zube, ya san inda aka dosa. Sau da yawa yana shiru ne don ya sauƙaƙa wa 'ya'yansa, su ma suna shiru don su sauƙaƙa masa, kowa na ɗauke da kayan shi kaɗai. Kuma yana da abubuwan da zai so ya gyara: bashi, amanar da ke hannunsa, fili a gida da ba a rubuta ba, wasiyya, wanda zai nema gafara. Ɓoye masa yana iya hana shi wannan.

Kada a sa yaro ya yi tafinta. Ba daidai ba ne 'yar shekara goma sha huɗu ta zama mai gaya wa kakarta cewa ciwon ya kai ƙashi. Asibiti yana samar da tafinta kyauta, a fili ko ta waya, amma sai an nema tun kafin ranar. Ku gaya wa nas ɗin harshen da mara lafiya ya fi sakewa da shi, Hausa ne ko Twi ko Dagbani ko Faransanci. Haka idan Hajiya ta fi son mace ta duba ta, a faɗa da wuri. Ba kullum ake samu ba, amma ana ƙoƙari.

Lambobi biyu, kada a haɗa su

Nas ɗin yawanci Litinin zuwa Juma'a take aiki, da rana, kuma sau da yawa saƙo za ku bari ta kira daga baya. Wanda aka fara wa kemo ko maganin tayar da garkuwar jiki ana ba shi wata lamba dabam mai aiki dare da rana. Ku rubuta duka biyun da manyan haruffa ku manna a ƙofar firij, kowa a gidan ya san su, ku kuma sayi ma'aunin zafin jiki.

Kemo yana karya sojojin jini, ya fi tsanani tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi. A wannan lokaci ƙaramin zazzaɓi na iya zama ajali cikin sa'o'i. Mu da muka tashi da zazzaɓin cizon sauro mun saba a sha farasitamol a lulluɓa a jira gari ya waye. A nan wannan dabi'a tana kisa, kuma farasitamol ɓoye zafin yake yi. Idan ma'auni ya kai adadin da aka rubuta a katinku, wasu asibitoci 37.5 wasu 38, ko mutum yana rawar sanyi, ko kawai ya ji jikinsa ya canza, a kira lambar dare da rana nan take, ko ƙarfe uku na dare ne. Ba damun kowa kuka yi ba, don haka aka ajiye su. Maganin tayar da garkuwa, irin su pembrolizumab, nasa salon daban: garkuwar na iya juyowa kan hanji ko huhu ko hanta, har watanni bayan an daina. Gudawa da ta ƙi tsayawa ko sabon ƙarancin numfashi, a kira.

Akwai wasu alamu da ciwon kansa ke kawowa waɗanda ba a kwana da su. Sabon ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, yana iya nufin ƙari ya danne lakar gadon baya, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya barin mutum bai sake tafiya ba. Kumburin fuska da wuya da hannuwa, musamman da safe. Ƙishirwa mai yawa da rikicewar tunani, wadda wasu gidaje ke ɗauka tsufa ne ko iska, alhali sinadarin kalsiyam ne ya hau a jini kuma ana saukar da shi. Jini mai yawa a tari, ko numfashi ya ƙwace gaba ɗaya, wannan 999 ne kai tsaye.

Sauran abubuwa na yau da kullum kuwa, tari mai hana barci, rashin cin abinci, ciwon baki, taurin ciki, wasiƙar da ba a gane ba, su ne na lambar nas ɗin. Ƙarancin numfashi ma tana da dabaru a kansa. Ƙaramar fankar hannu da ake kaɗa wa fuska tana rage jin shaƙewa, haka zama a sunkuya gaba a dafa gwiwa. Idan ruwa ne ya taru a kewayen huhu, za ta shirya a zuƙe shi, wani lokaci a bar siririn bututu da nas ɗin unguwa za ta riƙa zuwa gida tana buɗewa. Wanda ruku'u da sujada ke ƙwace masa numfashi, malamanmu sun yi bayanin salla a zaune. Game da azumi, ku tambaye ta tun Sha'aban abin da rashin ruwa zai yi wa ƙoda a lokacin kemo da yadda lokutan magani suke, sannan ku kai wa malam wannan bayani ya ba da hukunci a kan sani.

Mofin da masu sauƙaƙa ciwo

Idan nas ɗin ta ce za ta haɗa ku da tawagar sauƙaƙa ciwo, ko aka ambaci sunan Macmillan, gidaje da yawa sukan ɗauka an sallama mutum ke nan, su ƙi. A 2010 an wallafa wani bincike daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, kan mutum 151 masu kansar huhu da ta yaɗu. An haɗa rabinsu da masu sauƙaƙa ciwo tun daga farko, tare da maganin kansa da kowa ke samu. Waɗannan sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma a tsakaice sun rayu wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Mofin ma haka ake gudunsa, ana cewa allurar ƙarshe ce ko kuma abin maye. Idan ƙwararru suka auna shi daidai da ciwon, yana kashe zafi, kaɗan daga cikinsa yana sassauta numfashi, kuma mutane suna shan shi wata da watanni suna hira da jikokinsu. Yana kawo taurin ciki, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sassauta ciki. Wanda ke son hankalinsa ya kasance a farke don zikiri da kalmar shahada ya faɗa mata ƙarara, za a yi la'akari da hakan wajen aunawa.

Kuɗi da takardu

Ciwo yana cin aljihu: aiki ya tsaya, kuɗin mota zuwa asibiti, ɗumama gida, ga waɗanda ke jiran aike a gida. A Ingila mai jinyar kansa ba ya biyan kuɗin maganin da aka rubuta masa idan ya cike takardar yafewa. Idan ana ganin mutum ba zai wuce wata 12 ba, nas ɗin da kanta tana iya cike takarda mai suna SR1, wadda ke sa a biya tallafin gwamnati da sauri ba tare da dogon bincike ba. Cike ta ba ya matso da ajali, ba ya kuma hana ci gaba da magani. Tana iya haɗa ku da masu ba da shawara kan tallafi, da neman katin ajiye mota na naƙasassu. Layin Macmillan kyauta ne, 0808 808 00 00, kuma ana iya neman tafinta.

Wanda takardun zamansa suka hana shi tallafin gwamnati, ko mahaifin da ya zo da bizar ziyara, lissafinsu daban. Rajista da GP kyauta ce ga kowa. Jinyar asibiti kuwa, baƙon da ba mazauni ba ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin a Ingila, ko da yake ba a hana jinyar gaggawa don rashin biya a gaba. Nas ɗin ba jami'ar shige da fice ba ce, kuma ba ita ke yanke kuɗin ba. A nemi shawarar masana dokar zama da wuri, kada tsoro ya sa a zauna da ciwo a ɗaki.

Tafiya gida

Dattawanmu da yawa idan suka ji jiki, burinsu su ga gida, ko su yi Umra. Wannan magana a kai ta ga nas ɗin tun ana da ƙarfi, domin damar takan rufe da sauri. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon kusan mita 2,400, kuma Landan zuwa Akra tafiyar sa'a shida ce da wani abu. Mai raunin huhu yana iya buƙatar gwaji da oksijin a jirgi, kuma kamfanin jirgin yana son takardar likita kwanaki kafin tashi. Mofin ba a ƙetara iyaka da shi sai da wasiƙar wanda ya rubuta shi, Saudiyya kuwa tana da tsanani a kan irin waɗannan magunguna. Gana tana neman katin rigakafin shawara. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa wanda kemo ya karya wa garkuwa. Wanda ya taɓa yi, tun 2016 katinsa na har abada ne, a nemo tsohon. Wanda bai taɓa yi ba, sai a nemi takardar uzuri. A nemi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da bai saɓa da na kansa ba. A kuma karɓi cikakken bayanin jinya da kwafin hotuna, domin idan jiki ya motsa a can, likitocin Korle Bu a Akra ko Komfo Anokye a Kumasi, inda ake da sashen kansa da na'urar gashi, su san daga inda za su ɗora. Wanda ke niyyar zama can gaba ɗaya ya bincika tun daga nan ko maganin da yake sha yana samuwa da kuma nawa ne, domin sababbin magungunan nan tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje.

Wanda zai ƙarasa kwanakinsa a nan, yana da zaɓi tsakanin gida da asibiti da gidan jinyar masu ciwon ajali, kuma nas ɗin ce ke haɗa GP da nas ɗin unguwa, a kawo gadon asibiti da magungunan ko-ta-kwana a ajiye a gida. Ku gaya mata tun da sauran lokaci cewa mu muna gaggauta jana'iza, a rubuta a fayil. Tun 9 ga Satumba 2024, a Ingila da Wales kowace mutuwa sai wani likita mai tantancewa ya duba dalilinta kafin a ba da takarda, in ba wadda ta tafi hannun jami'in binciken mutuwa ba. Idan an san buƙatarku tun farko, GP ya san halin da ake ciki, takardu sun fi saurin fitowa, musamman in abin ya faɗo a ƙarshen mako. Idan ana zargin asbestos ne sila, dole a sanar da jami'in binciken mutuwa, kuma hakan na iya kawo jinkiri, gara iyali su san da wannan tun kafin ranar. Masu niyyar kai gawa Gana su ma sai sun sami izinin wannan jami'i kafin ta bar ƙasar. Kwamitin jana'iza na masallacinku ya san hanyar, ku ba nas ɗin lambar wanda ke kula da shi ta sa a fayil tare da ta babban ɗa.